Yaron da Ba Shi da Sarki

A garinmu kowace naƙasa da sarkinta. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, har kurame ma suna da babbansu da ake zuwa wurinsa in an yi rabon zakka. Na tashi ina ganin haka ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, sai shekarar da na kai ɗan yayata gabansu. Ranar na gane ko cikin masu lalura akwai 'yan gata.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Gummi, a shekarun nan da aka koma mulkin farar hula. Yayata, wadda muke kira Adda, tana aure a wata ruga bayan Nasarawa Burkullu, gidan noma da shanu. Yaron shi ne ɗanta na fari, ya kai shekara goma ko ya ɗan haura, kuma bai taɓa cewa uffan ba. Ba ya kallon idon mutum. Zai wuni gindin rumbu yana jera ƙwallon goruba a layi, in kaza ta ture ɗaya sai ya yi ta buga kansa a ƙasa. Yanzu nakan ji likitoci a rediyo suna kwatanta irinsu, suna cewa galahanga, har da yadda ake auna su da irin taimakon da ya kamata a ba su. In na ji sai in kashe rediyon, don raina ɓaci yake yi. A lokacinmu sunansa ɗaya ne, mai iskoki.

Abin da ya jawo masa baƙin jini shi ne kwance igiya. Yaron nan ba ya ganin ƙulli ya bar shi. Igiyar guga, ɗaurin buhu, zariyar wandon da aka shanya, duk sai ya zauna ya warware su a hankali da 'yan yatsunsa. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma ya gano dangwali, doguwar igiyar nan da ake ɗaure maruƙa a jikinta, ya riƙa sakinsu suna shanye nonon iyayensu kafin a tatsa. Ran nan da damina ya kwance jakin maƙwabta ya shiga gero ya yi ɓarna, har magana ta kai gaban mai gari.

Uban yaron ba shi da ta cewa, don shi ma ɗan farinsa ne. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta mutanenmu ta fi ta kowa kauri. Maganar yaro tana hannun wan uban, wanda kowa a rugar yake kira Baffa, dogon mutum mai son a ce gidansu ba aibi. Shi ya yanke hukunci a gabana.

"Ni dai na hwaɗi," in ji shi. "In anka ƙare kaka gidan malam za a kai shi. Can akwai mari. Mu gani ko shina kwance ƙarhe."

Adda tana bakin murhu ta ba mu baya. Ko motsi ba ta yi ba. Ita da ba ta taɓa kiran sunan yaron ba tun ranar suna, ina za ta buɗe baki gaban wan mijinta? In tana son ya zo, harshenta take bugawa a ganda, irin kiran da ake yi wa maraƙi, shi kuma duk inda yake sai ya taso. Da kakarsa tana raye da ita za ta riƙe shi bayan yaye kamar yadda aka saba, to ta rasu, kuma ba wanda ya yi tayin ɗaukarsa. Haka suka zauna, uwa da ɗa, ita ce komai nasa amma a idon mutane kamar ba ta san da shi ba.

Ana cikin haka sai sanarwa ta zo mana makaranta, cewa gwamnati za ta turo jami'i daga Sakkwato ya duba yara naƙasassu. Wanda aka ɗauka za a kai shi makarantar kwana a ci da shi a koya masa sana'a, iyayensa kuma a riƙa ba su ɗan tallafi. Na ji kamar an yi mini bushara da Aljanna. Ban damu da sana'ar ba, ban damu da tallafin ba. In dai sunansa ya shiga hannun gwamnati, Baffa ba shi da ikon sa masa mari. Na hau a-kori-kura ranar kasuwa na je na yi ta lallashi. Baffa ya yarda da ƙyar, da sharaɗin da shi za a je.

Sun sauka gidana ana gobe za a yi. Da safe na fito na tarar Adda ta cuɗe yaron tas, ta shafe shi da man shanu, ta sa masa sabuwar riga mai aiki da ta ɓoye tun Sallah, har da kwalli. Yaron kuwa dama kyakkyawa ne. Na ce ta bar shi ya je yadda yake, su ga halin da ake ciki.

"In kai shi gaban mutane da dauɗa?" ta ce. "A ce ba shi da kowa?"

Na ce, "Adda, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta yi kamar ba da ita nake ba.

A gindin ceɗiyar wata makaranta aka yi zaman. Jami'in saurayi ne mai tabarau, da wani malamin asibiti a gefensa. A dama an shimfiɗa wa sarakunan tabarmi, kowanne da mutanensa a bayansa. Tsarin mai sauƙi ne. Sarkin Makafi ya kira yaro ya ce nasa ne, malamin asibiti ya haska masa tocila a ido, a ce ya wuce. Sarkin Guragu ya kira nasa, a ɗaga ƙafa a duba, ya wuce. Ban ga laifinsu ba, kowa nasa ya sani. Mu kuwa muna tsaye a tsakiya kamar waɗanda suka zo biki ba gayyata, yaron yana tsugune yana kwance igiyar takalmin wani ɗan doka.

Da layi ya zo kanmu jami'in ya dube shi sama da ƙasa, ya ga ƙafa biyu, ido biyu, fata sumul tana sheƙi.

"Wannan na wane sarki ne?" ya tambaya da Hausar rediyo.

Ba sarkin da ya ce nasa ne. Na yi karambani na ce bebe ne, ba ya magana. Babban kurame ya leƙo ya dube shi, ya yi masa alama da hannu. Yaron ko kallonsa bai yi ba. Sai malamin asibiti ya zagaya ta bayansa da farantin tasa ya sake shi a kan dutse. Wayyo Allah. Yaron da ko ƙarar injin niƙa ba ya iya jurewa! Ya toshe kunnuwa ya ƙwalla ƙara, ya faɗi yana birgima, sabuwar rigar ta koma launin ƙasa. Mutane suka dare. Wani a baya ya ce a'uzu billahi.

"Yana ji," in ji malamin asibiti, kamar wanda ya kama ɓarawo.

Zan yi wa jami'in nan adalci, ko da yake na daɗe ina jin haushinsa. Bai kore mu ba. Ya jira Adda ta buga harshenta yaron ya lafa ya zo ya jingina da ƙafarta. Sannan ya ce akwai 'yan gurabe kaɗan na yaran da aka haifa da raunin ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su da sarki. Amma sai ya tabbatar haka aka haife shi. In daga baya abin ya same shi, hauka ke nan ko shafar aljanu, wannan kuwa ba aikin ofishinsu ba ne. Wanda zai iya ba da wannan shaida, in ji shi, uwa ce.

Na fara zuba bayani. Ya ɗaga mini hannu.

"Malama, ke kika haife shi?"

Na ce a'a, amma na san komai. Ya ce ya ji, sai dai doka ta ce sai uwa. Ya juya wajen Adda cikin ladabi.

"Inna, yaushe kika fara lura ba kamar sauran yara yake ba? Yana jariri yakan kalle ki in kina ba shi nono? Ya taɓa yin gwaranci ya daina?"

Adda ta jawo mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta kafa wa ƙasa ido. Ga maza cike da wuri, ga wan mijinta tsaye a kanta, ga baƙo yana tambayarta ɗan fari, har da maganar nono. Na matse hannunta har sai da na ji ƙashi. Na raɗa mata, "Don girman Allah ki yi magana." Ba ta ce komai ba.

Sai Baffa ya gyara murya.

"Ranka shi daɗe, lahiya lau anka haihe shi. Mu gidanmu ba a haihuwar musakai, a tambaya ko'ina. Iskoki na sunka taɓa shi wurin kiwo, sai ko ƙiriniya."

Yaron da bai taɓa bin shanu ba ko sau ɗaya! Amma Baffa yana da 'yan mata a gida da suka isa aure, ba zai yarda a ji a Gummi cewa abin a jininsu yake ba. Iskoki kuwa kowa suna iya taɓawa, ba abin kunya ba ne.

Jami'in ya sake duban Adda. "Inna, haka ne?"

Shiru. A wurinmu shirun mace gaban manya amincewa ce, shi ma ya san haka. Ya ce Allah Ya ba shi lafiya, ya kira na gaba.

Muna shiga ɗakina, Baffa ya wuce masallaci, sai bakin Adda ya buɗe kamar an fasa tulu. Tun yana cikin tsumma, in ji ta, ba ya kallonta, rufin ɗaki yake kallo. In ta goya shi sai ya sandare. Bai taɓa miƙo hannu a ɗauke shi ba. Ba ya shan fura sai a ƙwarya ɗaya mai tsaga a baki, ranar da ta ɓace kwana ya yi da yunwa. In hadari ya taso yakan riga kowa sani ya shige ƙarƙashin gado. Duk abin da mutumin nan ya tambaya tana da amsarsa, har da wanda bai tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni kuwa maimakon tausayi sai zuciya ta ɗebe ni.

"Yanzu kike gaya mini? Ni ce gwamnati?"

"Ƙaƙa za ni yi?" ta ce tana kuka. "Gaban Baffa? Mi za a ce da ni?"

Washegari na koma gindin ceɗiyar, ba kowa sai awaki. An ce sun wuce Anka. Na bi su can ranar da ba makaranta, aka ce sun gama sun koma Sakkwato, sai baɗi in Allah Ya kai mu. Baɗin ba ta zo ba. Soja suka karɓi mulki, maganar ta bi ruwa, waɗanda aka ɗauka ma ban san iyakar abin da suka samu ba. Har yau in na tuna ina rasa wa zan fi jin haushi, Baffa, ko dokar da ta ce sai uwa ta yi magana a ƙasar da aka hana uwa magana.

Ana gama sussuka Baffa ya cika alkawarinsa. Wani ƙauye ne ta wajen Anka aka kai shi. Sai da rani ya yi nisa aka bar mu muka je dubiya, ni da Adda, da ƙwaryarsa mai tsaga da fura a ƙunshe.

Mun same shi a wata rumfa tare da manya majiya ƙarfi, shi ne ƙaraminsu. Ya rame, an aske masa kai. Yana zaune ya sunkuya a kan ƙafafunsa, yatsunsa suna bin ƙarfen marin a hankali suna neman bakin ƙullin. Faratansa duk sun kakkarye, wasu da busasshen jini. Mai tsaron wurin, wani ƙato mai carbi a wuya, ya ce haka yake wuni tun ranar da aka kawo shi.

Adda ta ajiye ƙwaryar. Ga maza a rumfar, ga wasu a zaure suna kallonmu. Ta yaye mayafinta daga fuska, ta buɗe baki ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ta sake kira. Yaron bai ɗago ba, don shi ma bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Haba Inna, daina wahal da kanki," in ji mai tsaron. "Ai wanga kurma na."

Na ce masa, "Kaico, da kai anka aza bisa kujerar jami'in nan a Gummi, da ya samu sarki."

Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Adda ta durƙusa a ƙasa ta buga harshenta a ganda. Nan take yaron ya ɗago kai. Bai kalli fuskarta ba, dama ba ya kallo. Ya ja jiki ya matso, ƙarfen yana ƙara, ya ɗora ƙafafunsa biyu a kan cinyarta, ya kamo hannunta ya aza a kan marin, yana jira ta kwance.