Garken Jariri

Shekarar da aka fara zaɓen kansiloli, ni ne akawun da ke rubuta duk abin da aka faɗa a zaman majalisarmu, in buga shi a tafireta. Ina haya a Sabon Garin Gusau, duk Jumma'a in hau mota zuwa ƙauyenmu bayan Nahuce in gaida Baba. Baba ba shi da wata dukiya sai fadama ɗaya a bakin tafki, inda yake noman albasa da rani. Albasar nan ce ta yi mini karatu har na iya buga tafireta, kuma bai taɓa yi mini gori ba.

Akwai wata ƙa'ida da nake karantawa a farkon kowane zama: duk kansilan da ke da wata moriya a cikin maganar da za a tattauna, ya tashi ya faɗa, ya fita har a gama. Ina karanta ta da ɗaga murya kamar mai kiran salla, don a lokacin na yarda da ita har zuciyata. Yanzu in na tuna sai in ji haushin kaina.

Kansilan yankinmu wani Alhaji ne, ɗan kasuwar gyaɗa, mai fara'a da yawan kyautar goro. Wata Litinin ya miƙe ya ce burtalin da shanu ke bi zuwa tafkin garinmu ya yi zagaye da yawa, a yanko sabo ya miƙe ɗoɗar. Aka shimfiɗa taswira. Ina leƙawa na ga jan layin ya ratsa tsakiyar fadamar Baba.

Babban garken da ke shan ruwa a tafkin nan kuwa, ko makaho a garinmu ya san na Alhaji ne. Ya ba wani dattijon makiyayi daga wajen Rawayya amanarsu, kamar yadda masu hali ke yi. Na ɗaga kai ina jiran ya faɗi moriyarsa ya fita. Shugaban majalisa ma ya tambaya ko akwai mai abin faɗi.

Alhaji ya gyara hula ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ko akuya ban da ita."

Na rubuta. Aikina ke nan. Amma sai da na huda takardar da bakin alƙalami.

Akawu ba ya magana a majalisa, don haka bayan an tashi na bi kansilan wajen Tsafe, wani tsohon malamin makaranta da ba ya karɓar goron kowa, na zayyana masa komai. Ya ce, "Ɗana, ka tabbata?" Na ce ko a gaban alƙali zan maimaita. A zama na gaba ya tayar da maganar, aka yi ta hayaniya, a ƙarshe aka naɗa kwamitin mutum uku su binciki Alhaji: Malam ɗin, da wani kansila da ban taɓa jin muryarsa ba sai wurin amin, da wani mai babbar riga daga wajen Bunguɗu a matsayin shugaba. Aka ce in bi su da littafina. Ranar na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka.

Muka isa rugar da hantsi. Dattijon ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono. Shugaban kwamiti ya sha ya ƙoshi, ya goge gemu, sannan ya tambaye shi shanun nan na wane ne.

Dattijon ya ce, "Amana ta, ranka shi daɗe."

"Amanar wa?"

Mai riƙon amana ba ya son bayyana dukiyar mutum a gaban baƙi, amma wannan bawan Allah ba maƙaryaci ba ne. Ya ce, "Da can na Alhaji na. Amma ran sunan ɗansa yaz zo da shedu biyu, yac ce ya ba yaron, dut da maruƙa."

Malam ya ce, "Wane ɗan?"

"Jinjirin da anka raɗa ma suna watan jiya."

A wajenmu in an yi haihuwa, uba mai hali yakan nuna karsana ɗaya ya ce ta jariri ce, ta yi ta haihuwa har ya girma ya tarar da abin aure. Al'ada ce mai kyau, ban taɓa jin wanda ya kushe ta ba. Alhaji ya ɗauki wannan al'ada ya zuba garke guda a cikinta, kwana uku kafin ya kawo maganar burtali. Mu duka mun je sunan nan. Ni kaina na ci naman ragon har na yi santi.

Malam ya tambayi su wane ne shedun. Dattijon ya ambaci limamin unguwar Alhaji, sai ya ɗaga ido ya dubi shugaban kwamiti. Shi kuwa ko kunya, ya ce, "Ƙwarai, gabana anka yi. Kyauta ta tabbata, babu mai tashe ta."

Malam ya miƙe tsaye. "To in Salla ta zo, wa ka cewa a kai bijimi kasuwa? Jinjirin? Shi ka zuwa duba su ran Jumma'a?"

Shugaban kwamiti ya ce, "Malam, ƙa'ida ta ce moriyar kansila. Ba ta ce moriyar jinjiri ba."

Na ukun ya gyaɗa kai. Biyu suka rinjayi ɗaya a kan tabarma, ko mota ba mu koma ba. Da za mu tafi aka saka ƙwaryar man shanu a bayan motar, kyautar mai garke, wai. Mai garken da ko zama bai fara ba! Har muka iso Gusau warin man nan bai bar motar ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya yi ƙarya. Da ƙarya suka yi, da na san inda zan kama. Kowa ya faɗi gaskiyarsa tsaf, aka haɗa ta wuri ɗaya aka yanka fadamar tsoho da ita. Washegari shugaban kwamiti ya tsaya a kaina yana faɗa ina bugawa: kwamiti ya bincika, bai sami wata moriya ba, yana yaba wa Alhaji kan riƙon gaskiya. Na so in ture tafiretar in fita. Ban fita ba. Na tuna aikin da wahalar samunsa, na buga, har da kwafi uku.

Aka kaɗa ƙuri'a kan burtalin Alhaji yana zaune daram a kujerarsa, hannunsa ya riga na kowa tashi. Malam kaɗai ya ƙi. Bayan mako biyu aka kafa turaku a fadamar, Baba ya tone albasarsa tun ba ta ƙosa ba, don kada shanu su riga shi.

Jumma'ar da na je, na same shi a zaure yana rarrabe 'yan ƙananan albasar, waɗanda ko a kasuwar ƙauye ba za a taya ba. Ya ce ya ji an yi takarda, in karanta masa. Na ciro kwafin daga aljihu na karanta, ina fassara masa. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya karɓa ya juya ta, ya shafa layukan da babban yatsa, shi da bai san boko ba.

"Wa ya buga ta?"

"Ni ne, Baba."

"Babu kuskure ciki?"

"Babu."

Ya miƙo mini ita, ya koma kan albasarsa. "To madalla," ya ce. "Ashe ka iya aikin."