Wankin ciwon Inna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba. "Waccan" take ce min. In tana son na miƙo mata ludayi, bango take faɗa wa. A ɗakin kakata na tashi, kuma ban taɓa jin haushi ba, haka kowa yake yi a garinmu.

Sai ga sankarar mama ta kama ta, ana tsakiyar roron wake. Kafin ta yarda a kai ta asibitin birni ciwon ya riga ya fashe. Likita ya ce kullum sai an wanke an canza bandeji, in ba haka ba zai ruɓe. Ƙannena duk maza ne. Matar ɗayansu ta gwada, ta fito tana amai. Saura wa? Ni.

Asibitin na shirya wa masu ciwon da danginsu bita ranar Laraba. Na bar wakena a gona, na shiga adaidaita sahu, na sauka na hau bas, na isa ƙafafuna sun kumbura. Wata nas ta nuna mana yadda ake tafasa ruwa da gishiri, yadda ake goge ciwo daga tsakiya zuwa gefe, da lokutan ba da maganin zafi. Duk na riƙe. Can ta ce, "Ku dinga kallon mara lafiya ido cikin ido, ku tambaye shi abin da yake ji."

Dariya ta kufce min, ta gajiya. Na ce, "Malama, ni fa 'yar fari ce."

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Tab! Allah ya ba ki sa'a, 'yata."

Na dawo na tafasa ruwa na shiga ɗaki. Wari ya dake ni. Inna ta ƙanƙame mayafi a ƙirji, ta ce wa bango, "A faɗa wa waccan ta fita."

Wallahi raina ya ɓaci. Na gaji da mota, na gaji da 'yan dubiya, kowa da saiwar da zai kawo amma ba mai taɓa kwanon wanki. Na durƙusa, ni ma na fuskanci bangon na ce, "A faɗa wa Inna ba inda za ni. In ciwon nan ya ruɓe, ni za a bari da shi."

Muka zauna haka har ruwan ya fara hucewa. Sannan ta ja mayafin a hankali, ta ɗauke shi daga ƙirjinta, ta lulluɓe fuskarta da shi.

Na wanke kamar yadda aka koya min. Da na ɗaure bandejin, daga ƙarƙashin mayafin ta ce, "A ce mata hannunta ba nauyi."

Haka muka yi kullum har Allah ya karɓi abarsa bayan girbin wata shekarar. Ido cikin idon nan da nas ta ce, ban taɓa samu ba. Amma ni nake wanke mayafin, kuma duk ranar da na ɗauke shi, wajen idanun a jiƙe yake.