Randar da ta yi kuka a bisa mota

Shekarun baya, da aka gama arba'in ɗin mahaifiyata a Tsauni, aka raba kayanta, ni randarta ta faɗo mani. Babba ce, mai faɗin baki, tun ina goye ake shan ruwanta.

A tasha shofer ya ce a kife ta bisa mota. Na ce a'a, randar da ba a taɓa kifewa ba mai ita tana raye, ba ni zan fara ba. Sai ya kwantar da ita cikin tsohuwar taya, bakinta na kallon gaba, ya ɗaure.

Mun kama hanyar Matameye, rana tsaka, sai muka ji. Wuuu, can ƙasa-ƙasa, kamar mace na rera waƙa da baki a rufe. Mota ta ƙara gudu, abin ya ƙara. Shofer na ba ta wuta, tana nishi kamar an riƙe ta ta baya.

Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Baiwar Allah, kayan wa kika ɗauko?"

Na ce na marigayiya ne.

"To, mai ita ba ta sallama ba. Shofer, tsaya a sauke ta nan, muna da iyali!"

Aka tsaya cikin daji. Na fito na ƙanƙame igiya, gandamemiya da ni, ina kuka kamar yarinya. Na ce in randa ta sauka, ni ma na sauka.

Shofer ya hau bisa mota, ya daɗe yana kallon bakin randar. Ya ce, "Inna, ba zan kife ta ba. Juya ta kawai zan yi." Ya maida gindinta gaba. Muka tashi. Tsit kake ji. Motar ma ta saki jiki har gida.

Jikana da ke lakwal, makarantar boko, ya ce abin har suna gare shi, wai ayerodinamik. Abu mai buɗaɗɗen baki kamfatar iska yake, ta yi ƙara a cikinsa, ta ja shi baya. Mulmulalle kuwa, kamar ƙwai, tsaga ta yake, ta zame ta gefensa ta wuce.

Na yarda, don na gani da idona. Abin da ban gaya masa ba, muryar nan, da hawanta da saukarta, ita mahaifiyata ke yi in tana niƙa. Randar na ɗakina har yau. Ko babu ruwa a ciki, da faifai nake rufe bakinta.