Kogin da Tanko Ya Hango Daga Sama

A ƙauyenmu, can gefen Sule Tankarkar, babu kogi. Sai tafki, wanda ke cika da damina ya ƙafe tun ba a gama sussukar gero ba. Wataƙila shi ya sa a duk tatsuniyoyin kakarmu, Iya Hansatu, ba wadda ta zauna mini a rai kamar ta kogi.

Lokacin sanyi, idan an ci tuwo, sai ta tura karan dawa cikin murhu, mu kewaye ta, ni da ƙanena Habu da 'ya'yan maƙwabta. Tana gasa tafin hannunta, ta ce, "Ku matso, ga ta nan ta iso." Mu ce, "Ta shigo, Iya, muna ji."

Wai an yi wani manomi, Tanko, a garin da rijiyoyi suka ƙafe. Ya roƙi mikiya ta ɗauke shi sama ya dubo inda ruwa yake. Ta tashi da shi, suka wuce gajimare, suka yi ta hawa har sama ta yi baƙi da rana tsaka, duniya ta koma kamar faifai. Daga can ya hango duwatsu a jere kamar kunyoyin gona, ga kogi siriri yana ƙyalli, ya ratsa su ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa cikin gonaki kore shar. Tanko ya miƙa hannu ya auna: daga garinsu zuwa kogin, taƙi ɗaya.

Da ya sauko ya ce wa mutane, "Kusa ne! Ku ɗaura kaya." Suka ɗauki ɗan ruwan da ya rage a gora, suka bi shi. Tsofaffi suka fara faɗuwa, sannan jarirai. Da suka isa duwatsun nan da ya ga kamar kunya, sai ga kowanne ya tokare sama, in an haye wannan wani na jira. Tanko bai waiwaya ba, yana ta cewa saura kaɗan. Ya isa kogin da rarrafe, ya sha, ya juya ya kira mutanensa. Babu kowa a bayansa.

A nan Iya takan kama tona toka.

Wata rana Habu ya tambaye ta, "Iya, ƙarya ya yi musu ke nan?"

"A'a, ɗan nan," in ji ta. "Da idonsa ya gani. Sai dai ido ba ya jin ƙishirwa."

Iya ta rasu, na yi aure a Gumel, Habu ya girma yana lodin shanu a kasuwar Maigatari. Shekarar da gero ya ƙi, ya zo gidana ya miƙo mini wayarsa.

"Yaya, dubi wannan."

Hoto ne na tauraron ɗan'adam: kogi ya keta duwatsu, gonaki sun kwanta a gefensa, a wata ƙasa bayan hamada da teku. Ya ce ana neman masu aikin gona a can. Ya matse hoton da yatsu biyu, duniya ta tsuke.

"Ga mu nan, ga wurin. Kin ga ba nisa."

Na ce, "Habu, ka manta Tanko?"

Ya yi dariya. "Shi da ƙafa ya tafi, Yaya. Ni mota zan hau."

Ya tsallaka iyaka ya bar matarsa da ciki. Daga Agadas ya kira ni, murya garau, ya ce in gaida gida. Ban ƙara jinsa ba. Wani da suka tafi tare ya dawo daga baya, ya ce motarsu ta mutu a cikin rairayi, mutane suka watsu neman rijiya, bai san inda Habu ya nufa ba.

Da ina yarinya na ɗauka Tanko wawa ne. Yanzu na san mutum ne da gidansa ya bushe, aka nuna masa ruwa. Ɗan Habu ya fara tafiya, yana kama da shi har tsoro yake ba ni. Wani lokaci nakan buɗe hoton nan da Habu ya tura mini kafin ya tafi, in yi ta faɗaɗa shi, ina bin bakin kogin gona bayan gona, har ya dushe. Ban taɓa ganin mutum ko ɗaya a ciki ba.