Mai Muryar Ƙasa a Sitonmu na Sanyuanli

Ni ne ban kyauta ba. Kowa a siton nan ya gane haka tun ranar, ni kaɗai na makara.

Shekarar da ƙasar Sin ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, mu huɗu muke haɗa kaya a wani sito can Sin ɗin, a unguwar Sanyuanli: ni da wani Bakano ɗan'uwana, da wani ɗan zangon Kumasi, sai wani dattijo mutumin Maraɗi mai sarin takalma. Kowa da harkarsa, amma kwantena ɗaya muke cikawa. Bayan la'asar sai mu taru muna cusa wanduna da takalma a kwali, muna naɗewa da salatif, gumi na zuba, fanka na juyawa a banza.

Ɗan Kumasi ne ya kawo mana waƙar a wayarsa. Tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka ne, wai du-wap sunansu. Wasu ma babu kiɗa ko kaɗan, bakin mutane kawai. Ɗaya na jan baiti da siririyar murya, sauran na bayansa suna "uuu", wani can ƙasa yana "dum, dum-dum" kamar ana daka a maƙota. Da farko dariya muka yi ta yi, daga baya muka tsinci kanmu muna yi. Da yake ba ma jin duk Turancin, sai muka zuba namu: wulaƙancin kwastan, kewar tuwon gida, da lawban, wato matar da ke da siton, wadda duk abin da ka tambaye ta sai ta ce "meyo", babu. In ta ji mun kai wurin "meyo" sai ta leƙo ta nuna mu da tsintsiya tana dariya.

Ban taɓa jin daɗin aiki irin na kwanakin nan ba. Kwali na ƙarewa ba ka sani ba.

Ni nake jan baiti, kuma a nan matsalar ta faro. Na tashi ina jin waƙa da amshi. A wurinmu in mawaƙi ya ja, 'yan amshi murya ɗaya suke ɗauka, wanda ya kauce ya ɓata waƙa. Shi kuwa dattijon nan kullum yana can ƙasa shi kaɗai, ba ya hawa inda muke, wani lokacin ma sai mun yi shiru yake shigowa. A kunnena ɓata hanya yake yi.

Wata rana masu lodi 'yan Sin sun tsaya a bakin ƙofa suna saurare, lawban na tare da su. Kaina ya kumbura. Sai na katse waƙar.

"Baba, don Allah, wannan gurnanin na waƙa ne ko janareta aka tayar? In ba za ka bi mu ba, riƙe mana salatif kawai."

Masu lodin ba su ji Hausa ba, amma sun ga inda na nuna, suka yi dariya. Dattijon ya yi murmushi.

"Dakor, na yarda, ɗana. Na riƙe salatif."

Daga ranar bai ƙara buɗe baki ba. Mu uku muka ci gaba, sai waƙar ta zama kamar miya ba gishiri. Na ɗora laifin a kan zafi, na ɗora a kan mura. Ɗan Kumasi ya gaji da ni, ya cusa mini abin sauraro a kunne.

"Kai Bakano, kunnen nan naka na ado ne? Bar mai jan baitin, bi na ƙasan."

Na bi shi. Yadda dattijon yake yi, haka mutumin cikin wayar yake yi, har da jiran nan da shigowar. Sauran muryoyin duk a kansa suke zaune.

"In kowa wuri ɗaya zai tsaya, me ya sa za a tara mutum huɗu?" in ji ɗan Kumasi.

Na gane, amma girman kai ya riƙe ni. Kullum sai in ce gobe. Lokacin kuwa biza ta yi wuya saboda wasannin, mutane na ta tattara kaya. Sai ɗan'uwana ya gaya mini ba a sabunta wa dattijon tasa ba, jibi zai wuce gida.

Na hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Dengfeng, unguwar da dattijon yake zaune. Na same shi a wani gidan abinci a saman bene, yana cin tuwon shinkafa da miyar kuka, talabijin na nuna masu tsere. Da ya gan ni sai ya turo mini kwanon.

"Bismillah, sarkin waƙa."

Ban sa hannu ba. Na ja kujera gefe, na durƙusa kamar yadda nake gaida mahaifina.

"Baba, kai kake kan daidai, ni ne ban san waƙar ba. Na kunyata ka a gaban baƙi, ga shi ka haife ni. Don Allah ka yafe mini kafin ka tafi."