Bututun Hamma Buba Ba Makami Ba Ne

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kashe yayana, Hamma Buba, a kan hanyar dam ɗin Gubi, kuma har yau a unguwarmu Gwallaga akwai masu rage murya in an ambaci sunansa. Ni ƙanwarsa ce, ni na riƙe 'yarsa Asma'u. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, amma bana ta taɓa auren yarinyar, don haka na gaji da shiru.

Malamin kimiyya ne a sakandare, ga taurin kai ga son taurari. Da hannunsa ya haɗa madubin hangen nesa: bututun roba irin na masu gyaran famfo, da gilasai, da ƙafafun katako. A gida tsokanarsa muke yi, wai mutumin da kullum sai an nemo masa takalminsa shi ne zai gano mana wata duniya. Ko a jikinsa. Yakan ce akwai wasu ƙananan taurari jajaye kusa da mu, ba su kai rana zafi ba, ido ma ba ya ganinsu, kuma in za a samu duniya mai ƙasa da duwatsu irin tamu, a gindinsu za a same ta.

Ranar duban watan azumi abin ya faru, lokacin da gari yake a tsorace saboda hare-hare, kowa na zargin kowa. Bayan la'asar ya ɗaure bututun a babur ya nufi wajen dam, inda babu ginin da zai tare masa yamma. Yana cikin kafa shi wani ya hango, ya kurma ihu wai ga mai harba makamin roka. Ba wanda ya tambaye shi komai. Gora suka fara sauke masa a ka, sai adda, sai duwatsu. Wata mai tallan nono da aka yi a idonta ta ce yana ta faɗin, "Wata nake dubawa! Ku leƙa ciki mana, ku leƙa!" Suka karya hannun da yake nuni da shi, suka farfasa bututun a jikinsa, suka cinna wa babur ɗin wuta. Sai da tabon ƙafarsa muka shaida gawar. Washegari waɗanda suka kashe shi suka tashi da azumi kamar kowa.

Yanzu ga shi masana sun gano irin duniyoyin da yake faɗa, har tauraron da ya fi kusa da ranarmu yana da tasa. Asma'u ce ke karanta mini a waya. Wai sukan lura da yadda hasken tauraro ke ɗan dusashewa in duniyar ta gifta ta gabansa, kuma sai su shekara suna duba ɗigon haske kafin su yanke hukunci. Nan ne zuciyata ke tafasa, domin yayana ko leƙa bututunsa ba a yi ba. Da yana nan, da ya ishe mu da murna, sannan ya ja gardama, don an ce taurarin nan kan yi aman wutar da za ta iya ƙone iskar duniyoyin nasu.

Da damina wani yaro mai hankali ya fito neman Asma'u. Magana ta yi nisa, sai kawunsa ya shiga unguwa bincike, aka ce masa ubanta da makami aka kama shi. Suka janye. Ba ta yi kuka a gabana ba, cewa kawai ta yi, "Goggo, ashe har yanzu ba su gama dukansa ba?"

Hamma bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ɗaliban da ya koya wa ɗaga kai sama ya bari, da 'ya mai kaifin ƙwaƙwalwa irin tasa, da sunan da aka ɓata. Mutumin da ya fara ihun nan yana raye, ya kuma san kansa. Ba diyya muke nema ba. Ya zo ƙofar gidanmu, a gaban liman da mai unguwa, ya faɗi abin da ya gani da rana ta faɗi aka tattara tarkacen: roba da gilasai ne, ba makami ba. Asma'u ta ce ita da kanta za ta shimfiɗa masa tabarma.