Lamba Goma Sha Huɗu

Shekarar da mahaifina ya rasu, ni ke kula da shafin intanet na ƙungiyar unguwarmu a Nima. Ni na gina shi, kuma har ga Allah ina ji da kaina a kai. Hoto ko murya, duk abin da aka ɗora yana ɗauke da alama biyu: irin abin da aka maƙala shi a jikinsa, da lambar wannan abin. Sunayen da tsarin ya zo da su ba su yi mini ba, sai na sa namu: biki, suna, mamba, mamaci.

Baba mamba ne, lamba goma sha huɗu. Muryoyinsa uku ke ciki, yana ba da tarihin yadda kakanmu, tsohon soja, ya sauka a zango.

Bayan addu'ar bakwai na mayar da sunansa jerin mamata, inda ya sami sabuwar lamba. A kan muryoyin na goge mamba na rubuta mamaci. Na rufe kwamfutar ban duba ba. Lambar da ke kan muryoyin kuwa na bar ta yadda take, goma sha huɗu.

Ana jibi addu'ar arba'in, mahaifiyata ta dawo daga Kasuwar Malam Atta, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo mini wayarta.

"Sa mini muryan babanka, in ji shi kaɗan."

Na buɗe shafinsa, babu komai. Ga shi tsohuwar wayarsa ta daɗe da lalacewa, nan kaɗai muryar ta rage.

Sai bayan la'asar na gano. Goma sha huɗu a jerin mamata wani tsohon mahauci ne na unguwar Mamobi. Wata guda Baba na magana a ƙarƙashin sunan wani, ni ɗansa ban sani ba. Na ji kunya ƙwarai.

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Ta saurara, sannan ta ce, "Wa ya ce ka fitar da shi daga cikin mutane? Ya fita ƙungiya ne?"

Na haɗe jerin biyu, na bar kalma ɗaya: namu. Na mayar masa da lambarsa.

Ta kara wayar a kunne. Baba ya yi gyaran murya, kamar kullum kafin ya fara magana.

Ta ce, "Na'am, Alhaji."